Gasar Damben Injuna: Wa Ke Zuba Jari, Wa Ke Kwasar Riba?

A cikin watan Agusta na shekarar 1994, wani mai zanen kayan wasan yara da ya yi aiki da kamfanin fina-finai na Lucasfilm, mai suna Marc Thorpe, ya tara jama'a a dandalin Fort Mason da ke birnin San Francisco na ƙasar Amurka, domin su kalli wani irin wasa da ya sa wa suna Robot Wars. Abin da ake yi kuwa shi ne, mutum ya ƙera inji da hannunsa, ya ɗaura masa makami, ya tsaya daga nesa yana sarrafa shi ta hanyar rediyo, a sake shi cikin fage shi da na wani, su yi ta karo har ɗaya ya kasa motsi. Shekara 30 da 'yan kai bayan wannan taro, wasan ya bazu zuwa Ingila, da Brazil, da Indiya, da Sin, da Ostareliya. Ya shiga gidajen talabijin ya fita, ya sake shiga ya sake fita, ya kuma haifar da 'yar ƙaramar kasuwa ta kayan gyara da talla da kayan wasan yara.

Ko da yake Turawa suna kiran waɗannan injuna da sunan da a Hausa ake fassarawa da mutum-mutumi, mafi yawansu ba su da siffar mutum ko kaɗan, kuma ba su yin tunanin kansu. Akwati ne na ƙarfe mai tayoyi da batir da makami, direbansa yana waje riƙe da rimot. Saboda haka kiransu injunan dambe ya fi dacewa. Ga ɗan kasuwa, tsarin kuɗin wasan ya fi tartsatsin da ke tashi a fage jan hankali. Sana'a ce da mai haja ke ƙera hajarsa da kuɗin aljihunsa, ya kai ta inda za a farfasa ta a gaban jama'a, ya koma gida ya sake ƙera wata, alhali kuwa mafi tsokar kuɗin da ake samu yana shiga hannun mai fage da mai gidan talabijin.

Yadda ake karawa

Kamar damben zamani, ana raba injunan aji-aji bisa ga nauyinsu. Mafi ƙanƙanta da aka fi sani shi ne ajin tururuwa. A Ingila nauyinsa giram 150 ne, kuma bisa ga tsohuwar ƙa'idar ajin dole injin ya shiga cikin akwati mai inci 4 ta kowane ɓangare. A Amurka kuwa laba 1 ne, watau giram 454. Sama da shi akwai ajin buzuzu mai laba 3, kimanin kilo 1.4, sai na laba 12, sai na laba 30, watau kilo 13.6, har a kai ga manya. A gasar BattleBots ta Amurka, tun daga 2015 iyakar nauyi laba 250 ce, watau kilo 113, abin da ya ɗara buhun siminti biyu.

Galibi minti 3 ake ba kowane karo. Idan inji ya tsaya cik, alƙalin wasa ya ƙirga har goma bai motsa ba, ya faɗi ke nan. Idan kuwa lokaci ya cika duka biyun suna motsi, sai a koma ga alƙalai uku da ke zaune a gefe. A zangunan BattleBots na 2020 zuwa 2023 kowane alƙali yana raba maki 11 ne tsakanin injunan biyu: 5 na ɓarnar da inji ya yi wa abokin karonsa, 3 na yawan kai hari, 3 na iya juya fage yadda yake so.

Makaman iri-iri ne. Akwai masu sandar ƙarfe ko faifai da ke juyawa da gudu, wasu a kwance wasu a tsaye. Injin Tombstone na Ray Billings, wanda ya ci gasar 2016, shi ne ya fi shahara cikin masu sanda a kwance. Akwai masu ganga mai haƙora, irin Minotaur na ƙungiyar RioBotz ta jami'ar Katolika da ke Rio de Janeiro. Akwai masu cusa baki ƙarƙashin abokin karo su cilla shi sama da ƙarfin iskar gas, irin Chaos 2 na George Francis da ya ci gasar Ingila sau biyu a jere. Akwai masu guduma, da masu zarto, da masu baki irin na shaho da ke huda ƙarfe a hankali, irin Razer. Babu makamin da ya gagari kowa. Mai sanda yana ragargaza mai siririn sulke, amma mai kaurin goshi yakan tare shi har sandar ta karye da kanta, mai cillawa kuma yakan kifar da mai kaurin goshi.

An haramta ruwa da mai da abin fashewa da wutar lantarki a matsayin makami, haka kuma toshe wa abokin karo rediyonsa. A 2015 ƙungiyar wani inji mai suna Complete Control ta shigo fage da ƙunshi kamar na kyauta, ashe raga ce a ciki. Da makamin Ghost Raptor ya sari ƙunshin, ragar ta nannaɗe shi, aka tsayar da wasa aka ce a sake daga farko. Dokokin wasan da yawa haka suka samo asali, sai wani ya yi dabara sa'an nan a rubuta ƙa'idar hana ta.

Wanda ya je ƙaramar gasa irin ta ƙarshen mako zai tarar da cewa rabin aikin a teburin gyara ake yinsa. Da safe masu gasa za su auna inji, su duba cewa makaminsa yana da abin kulle shi, su kuma gwada cewa idan aka kashe rimot injin zai tsaya nan take. Wanda ya faɗi wannan gwaji ba zai shiga fage ba, ko daga ina ya taso. Gasanni da yawa ba su fitar da mutum sai an kayar da shi sau biyu, kuma tsakanin karo da karo wani lokaci abin da ake ba shi na gyara bai wuce kamar minti 20 ba. A cikin wannan ɗan lokaci zai canja taya, ya miƙe abin da ya lanƙwashe, ya sa sabon batir. Al'ada ce sananniya a wasan mutum ya ara wa wanda zai kara da shi nan gaba noti ko waya ko ma injin juya taya, domin kowa ya fi son a ci shi a fage da a ba shi nasara don abokin karo ya kasa fitowa.

Lissafin kuɗi

Farashin inji yana tashi da nauyinsa, kuma tashin ya fi yadda mutum zai zata. Ƙaramin inji na ajin tururuwa ana sayar da kayan haɗa shi a cikin kwali, kamar wanda kamfanin FingerTech Robotics na ƙasar Kanada ke yi da sunan Viper, kuma ɗalibi zai iya haɗa shi a kan teburin ɗaki da sukuddireba. Da 'yan ɗaruruwan daloli mutum zai shiga gasa a wannan aji, har da rimot da abin cajin batir. Injin laba 250 kuwa ana maganar dubban daloli goma-goma ne kafin ya taka fage, domin yana bukatar ƙarfe mai tauri irin wanda ake kira AR500, da titaniyam, da alminiyam na musamman, da aikin injin sassaƙa ƙarfe da walda, da manyan batura.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya lissafa kuɗin inji ɗaya. Wanda ke son ya kai ƙarshen gasa dole ya zo da abin da zai kusan haɗa inji biyu ko uku: tayoyi, da makamai, da sulke, da injunan juyi, da kayan lantarki. A nan ne wasan ya bambanta da tseren motoci ko na dawaki. Mai doki yana fatan dokinsa ya dawo lafiya, kuma galibi yakan dawo. Mai injin dambe kuwa ya san lalacewa tana cikin tsarin wasan, ko ya ci ko an ci shi. A harshen masu lissafin kamfani, injin ya fi kusa da kayan da ake ƙonarwa wajen aiki, irin su man fetur, da a ce masa kadara.

Dalilin haka yana cikin ilmin motsi. Ƙarfin da abu mai juyawa ke tarawa yana ninkuwa huɗu idan aka ninka gudunsa biyu, yana ninkuwa tara idan aka ninka gudun uku. Wannan ya sa ƙara gudu ya fi ƙara nauyi araha ga mai neman ɓarna, ya kuma sa hukumar BattleBots ta ƙayyade gudun bakin makami a mil 250 cikin sa'a, kimanin kilomita 400, nauyin makami mai juyawa kuma kada ya wuce laba 80. Sa'an nan duk dukan da inji ya kai, kwatankwacinsa yana dawowa cikin jikinsa. Sau da yawa mai babban makami yakan ci karo, ya koma teburin gyara ya tarar gatarin makaminsa ya tanƙware, wayoyinsa sun tsinke, ya fi wanda ya kayar bukatar kashe kuɗi.

Wannan ƙarfi shi ne kuma ya ɗora wa mai shirya gasa babban nauyinsa. A 1995 Jamie Hyneman da Adam Savage suka kawo wa Robot Wars wani inji mai suna Blendo, wanda suka yi wa murfi da kaskon tuya irin na Sinawa, suka sa masa injin yankan ciyawa, gangar jikin duka tana juyawa. Ya riƙa cilla gutsattsarin abokan karonsa har wajen fage, inda 'yan kallo suke. Masu gasa suka roƙe su su janye, aka ba su kambun haɗin gwiwa, kuma hakan ya sake faruwa a 1997. Tun daga wannan zamani ake rufe fage ruf, gefe da sama, da wata roba mai kama da gilashi da ake kira polikabonet. Fagen BattleBots ƙafa 48 ne tsawo da faɗi, da ƙasan ƙarfe, kuma kowane falle na robar da ya sha duka sai an canja shi. Idan aka haɗa da hayar zaure, da inshora, da ma'aikatan kashe gobara saboda batiran litiyam da ke kamawa da wuta idan aka huda su, za a ga dalilin da ya sa manyan injuna ba su da wuraren karawa da yawa a duniya. Fagen ajin tururuwa kuwa mutum biyu za su ɗauke shi su ɗora a bayan a-kori-kura.

Akwai wani abu da ya kamata masu nazarin kasuwa su lura da shi. Inji mafi arha da ke iya cin gasa shi ne mai gangaren goshi kawai, marar makami, wanda ke shiga ƙarƙashin abokin karo ya tura shi bango. Ba shi da abin lalacewa da yawa, kuma a shekarun farko irinsa sun ci karo ba adadi. Amma kallonsa ba daɗi. Da BattleBots ta dawo a 2015 sai ta wajabta wa kowane inji makami mai aiki da kansa, daga baya kuma ta ɗora kaso mafi girma na maki a kan ɓarna. Ma'ana, mai sayar da kallo ya canja doka domin hajarsa ta yi armashi, amma ƙarin kuɗin da dokar ta jawo a kan masu ƙera injuna ya faɗa.

Rikicin mallaka da zamanin talabijin

Marc Thorpe yana da dabara amma ba shi da jari. Domin ya shirya gasar 1994 sai ya shiga haɗin gwiwa da Profile Records, wani kamfanin faya-fayan waƙoƙi na birnin New York da Steve Plotnicki ke cikin shugabanninsa. An yi gasa huɗu, daga 1994 zuwa 1997, sa'an nan abokan cinikin suka saɓa a kan wanda ke da iko da sunan da kuma makomar kasuwancin. Magana ta kai kotu, ta daɗe a can, ba a yi gasar 1998 a Amurka ba, kuma a ƙarshe sunan Robot Wars ya fita daga hannun mutumin da ya ƙirƙiro shi. Ɗan jarida Brad Stone ya ba da labarin wannan shari'a a littafinsa mai suna Gearheads na 2003. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kawo abokin tarayya saboda ƙarancin jari, ba tare da an rubuta dalla-dalla wa ke da suna da tambari ba, zai gane labarin.

Yayin da ake wannan ja-in-ja, kamfanin shirye-shiryen talabijin na Mentorn a Ingila ya riga ya sami izinin amfani da sunan. Tashar BBC ta biyu ta fara nuna Robot Wars a watan Fabrairu na 1998, Jeremy Clarkson ya gabatar da zango na farko, Craig Charles ya karɓa daga na biyu. A lokacin da shirin ke ganiyarsa, masu kallonsa sun kai kimanin miliyan 6, aka kuma cika kantuna da ƙananan kwafin injunan gidan, irin su Sir Killalot da Matilda.

A Amurka kuwa biyu daga cikin tsofaffin 'yan wasan, Trey Roski da ɗan'uwansa Greg Munson, suka kafa tasu gasar da sunan BattleBots. Roski ɗa ne ga attajirin harkar gidaje na Los Angeles, Edward Roski, saboda haka ba su rasa abin tsayawa a kotu ba lokacin da su ma aka kai su ƙara. Suka yi gasar farko a Long Beach cikin Agustan 1999, tashar Comedy Central ta ɗauki shirin a shekarar 2000. Ganin ya karɓu, wasu tashoshi suka bi sahu: TLC ta fito da Robotica, TNN ta kawo Robot Wars irin na Amurka, duk a 2001. Kasuwa ta cika ta batse. Comedy Central ta ajiye BattleBots a 2002 bayan zango biyar, sauran biyun ma ba su wuce wannan shekara ba. A Ingila shirin ya koma tashar Five a 2003, ya mutu a 2004.

Shekara 13 BattleBots ta yi ba ta kan talabijin, har tashar ABC ta dawo da ita a 2015 da 2016, Discovery ta ɗauka daga 2018. BBC ma ta farfaɗo da Robot Wars a 2016, ana ɗaukarsa a kusa da Glasgow, ta sake soke shi a 2018 bayan zango uku. Wannan hawa da sauka yana nuna raunin sana'ar da ke da mai saye guda ɗaya. Ƙungiya za ta iya kashe shekara tana gina inji, da yarjejeniyar masu talla a hannu, wani jami'in tashar talabijin da bai taɓa riƙe sifana ba ya yanke shawara a ofis, duka lissafin ya rushe. Bugu da ƙari, shiga BattleBots ta zamanin ABC da Discovery ba a buɗe take ga kowa ba. Ƙungiya tana aika zanen injinta ne, masu shirin su zaɓa, kuma kyan gani da ban sha'awa suna cikin abin da suke dubawa.

Ƙananan injuna suka riƙe wasan

A shekarun da talabijin ta juya baya, 'yan sha'awa ne suka ci gaba da haɗuwa a zaurukan makarantu da wuraren baje koli. Gasar Robot Battles da ake yi a taron Dragon Con na Atlanta tun 1991 ta ci gaba, David Calkins ya kafa wadda daga baya aka sani da RoboGames a 2004 a San Francisco, a Ingila kuma 'yan wasan suka kafa ƙungiyarsu ta tsara dokoki. Da yake babu mai biyan kuɗin babban fage, sai hankali ya koma ga ƙananan azuzuwa.

Sa'ar da suka taka ita ce, wasu masana'antu da ba ruwansu da dambe sun karya musu farashin kaya. Kasuwar jiragen wasa da ƙananan jirage marasa matuƙi ta sa masana'antun ƙasar Sin suka riƙa fitar da ƙananan injunan juyi masu ƙarfi, da na'urorin daidaita gudunsu, da batiran litiyam marasa nauyi, a kan kuɗi kaɗan. Rediyo mai zangon gigahaz 2.4 ya kawar da tsohuwar matsalar da ta sa a dā sai masu gasa sun karɓe rimot ɗin kowa sun ajiye, don kada na wani ya shiga zangon wani ya tayar da inji a teburin gyara. Sa'an nan na'urar da ke ƙera abu daga narkakkiyar roba bisa zanen kwamfuta ta shiga gidaje, har mutum zai iya zana gangar jikin injinsa da daddare ya wayi gari ta fito. Kamfanonin yankan ƙarfe da hasken leza kuma suna karɓar zane ta intanet, su yanka ko da guda ɗaya ne, su aiko ta gidan waya. A dā sai mai garejin walda ko ma'aikacin masana'anta ke iya shiga wasan. Waɗannan sauye-sauye suka buɗe shi ga ɗalibai da iyalai.

Mafi girman gasar ƙananan injuna ta samo asali ne daga aljihun mutum ɗaya. Austin McChord, wanda ya kafa kamfanin adana bayanan kwamfuta na Datto a 2007, aka kuma sayar da kamfanin a 2017 a kan kimanin dala biliyan 1.5, ya fara shirya gasa a garin Norwalk na jihar Connecticut a 2018. Gasar, wadda aka fi sani da NHRL, ta tsaya a kan azuzuwan laba 3 da 12 da 30, ta buɗe ƙofa ga duk wanda injinsa ya cika ƙa'ida, ta kuma riƙa watsa karonta kai tsaye a YouTube maimakon jiran wata tasha. Kofin da take bayarwa siffar kwandon shara ne mai ruwan zinariya, wanda ba'a ce ga inda yawancin injuna ke ƙarewa. Sai dai a lura, dogaro da attajiri mai sha'awa shi ma dogaro ne da mutum ɗaya, kamar yadda dogaro da tasha ɗaya yake.

Inda ribar take

Kuɗin kyauta, a mafi yawan gasanni, ba ya mayar da abin da aka kashe. Kofin BattleBots, wani ƙaton noti na ƙarfe, daraja ce kawai, kuma ɗan tallafin da masu shirin ke ba ƙungiyoyi ba ya ɗauke musu nauyin gini. Abin da ke cike giɓin shi ne masu ɗaukar nauyi, kuma yawancinsu kamfanoni ne da ke sayar wa injiniyoyi kaya: masu manhajar zane, masu yankan ƙarfe, masu batir. Da yawa ba kuɗi suke bayarwa ba, aiki ko kaya suke yi wa ƙungiya kyauta a manna tambarinsu a jikin inji. Cinikin yana da ma'ana a gare su, domin masu kallon shirin su ne ainihin masu sayen hajarsu, kuma babu tallar da ta kai a ga ƙarfen da kamfani ya yanka ya sha duka bai karye ba. Wannan ne ma ya sa ficewar shiri daga talabijin ke yi wa ƙungiyoyi illa sau biyu, don mai talla ba ya biyan tambarin da ba za a gani ba.

Hanya ta biyu ita ce kayan wasan yara. Kamfanin Hexbug ya riƙa ƙera ƙananan kwafin injunan BattleBots, irin su Tombstone da Witch Doctor, kuma ƙungiyar da aka kwafi injinta tana samun kaso. Amma 'yan ƙalilan ne ke kaiwa ga wannan matsayi. Kamfanin Spin Master na Kanada ya sayi Hexbug a 2023.

Hanya ta uku, wadda ba ta shiga littafin ciniki, ita ce suna da ƙwarewa. Hyneman da Savage masu Blendo sun zama masu gabatar da shirin MythBusters daga 2003, Grant Imahara mai injin Deadblow ya bi su a 2005. A ƙasa da wannan mataki, ɗalibin da ya zana inji, ya sayo kaya cikin iyakar kuɗi da iyakar nauyi, ya ga inda ya karye, ya gyara cikin minti 20, yana da abin nuna wa mai ɗaukar ma'aikata fiye da takardar shaida. Ƙungiyar masu masana'antun sassaƙa ƙarfe ta Amurka ta gane haka, ta ɗauki nauyin gasar injunan laba 15 ta ɗaliban makarantu mai suna National Robotics League, da nufin jawo matasa cikin sana'ar da ke ƙarancin ma'aikata. A Indiya, gasar Robowars tana cikin manyan abubuwan bikin fasaha na Techfest da cibiyar IIT Bombay ke shiryawa. A Brazil, Farfesa Marco Antonio Meggiolaro na RioBotz ya rubuta littafin koyar da ƙera injunan dambe, aka sake shi kyauta, ya zama abin karatun masu farawa a ƙasashe da dama.

Ga mai zuwa gasa daga wata ƙasa, akwai ƙarin ɗawainiyar sufuri. Injin laba 3 zai shiga jakar tafiya, amma batirinsa na litiyam dole ya kasance cikin jakar hannu, domin dokar jiragen sama ta hana sa batir na daban a cikin kayan da ake lodawa ƙasan jirgi, wanda ya wuce awon wat 100 kuma sai da izinin kamfanin jirgi. Babban inji kuwa sai an yi masa akwatin katako an aika makonni kafin gasa, da takardun kwastan na shigar da kaya na wucin gadi, a kuma biya kuɗin dawo da shi ko da ya zama tarkace. Duk da haka a 2020, lokacin da annobar korona ta hana ƙungiyoyin ƙetare da yawa zuwa, aka ɗauki gasar ba 'yan kallo daga waje, injin End Game na wasu matasan injiniyoyi daga New Zealand ne ya ɗauki kofin.

BattleBots ta koma birnin Las Vegas a 2021, kuma a 2023 ta buɗe wasan kai tsaye da ake sayar wa baƙin birnin tikiti, mai suna Destruct-A-Thon, domin ta sami kuɗin shiga da bai rataya a wuyan wata tasha ba. A wannan shekara ce Discovery ta nuna gasar duniya ta bakwai, wadda injin SawBlaze na Jamison Go ya ci. Ba a ɗauki sabon zangon gasar duniya domin talabijin a 2024 ba, kuma da yawa daga cikin masu manyan injunan an ci gaba da ganinsu a Norwalk suna karawa da injunan laba 3 da na laba 30.